Yadda Desmond Meade Ya Ƙwato Ƙuri'arsa

A shekarar 2016 wata mata mai suna Sheena Meade ta fito takarar kujerar majalisar dokokin jihar Fulorida ta Amurka. Da ranar zaɓe ta zo, mijinta Desmond bai jefa mata ƙuri'a ba, don doka ba ta yarda ya kusanci akwatin ba. Ga shi ɗan ƙasa haifaffe, ya taɓa sa kakin soja, ga digirin lauya da ya samu shekara biyu kafin nan. Abin da ya tare masa hanya shi ne tsoffin laifuffukansa, waɗanda ya gama zaman gidan yari a kansu tun 2004. A dokar Fulorida ta wancan lokaci, duk wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi ya rabu da ƙuri'a ke nan har ya koma ga Mahaliccinsa, sai fa idan gwamna ya ga dama ya yi masa afuwa.

Kada mai karatu ya ji an ce babban laifi ya ɗauka kisan kai ko fashi da makami kaɗai ake nufi. A Fulorida, har zuwa 2019, satar abin da kuɗinsa ya kai dala 300 babban laifi ce. Haka ma wanda aka kama karo na uku yana tuƙi bayan an dakatar da lasisinsa, haka wanda aka samu da ɗan ƙullin hodar iblis a aljihu. Saurayi ɗan shekara sha tara zai ɗauke wayar wani, ya yi zamansa na kurkuku ya fito, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya ga jikoki, yana biyan haraji duk shekara, amma ba shi da ta cewa a kan wanda zai mulke shi. A 2016 ƙungiyar bincike ta Sentencing Project ta ƙiyasta Amurkawa miliyan 6.1 ne hukuncin kotu ya raba da ƙuri'a, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi a Fulorida kaɗai suke. Kusan miliyan 1.5 daga cikin na Fulorida sun riga sun gama hukuncinsu kaf. A cikin baƙaƙen fatar jihar da suka isa zaɓe, fiye da mutum ɗaya cikin kowane biyar abin ya shafa. Wannan kuwa jihar ce da ƙuri'a 537 kacal suka raba gardama tsakanin George W. Bush da Al Gore a zaɓen shugaban ƙasa na 2000.

Dokar tsohuwa ce. An kafa ta daram a tsarin mulkin jihar na 1868, shekara uku bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, a daidai lokacin da aka tilasta wa jihohin kudu su bar 'yantattun bayi su yi zaɓe. Masana tarihi da dama suna ganin ba a banza aka haɗa abubuwan biyu a takarda ɗaya ba. Ta yi shekara 150 tana aiki.

An haifi Desmond Meade a 1967 a tsibirin Sen Kuruwa, cikin tsibiran Baajin na Amurka, ya tashi a birnin Mayami. Da ya gama sakandare sai ya shiga soja, ya zama makanikin jirgi mai saukar ungulu. A can ya faɗa shaye-shaye. Hodar iblis ba ta barin kuɗi a hannun mutum, sai ya shiga ɗauke-ɗauken kayan gwamnati, kotun soja ta same shi da laifi, aka kore shi korar wulaƙanci. Ya ɗan taɓa aikin tsaron lafiyar manyan mutane, amma shaye-shayen bai sake shi ba, rasuwar mahaifiyarsa kuma ta ƙara dulmuya shi. Daga wannan kamu sai wancan. A 2001 aka yanke masa shekara 15 saboda an same shi da bindiga alhali yana da tsohon laifi. Ya ɗaukaka ƙara, aka sake shi a 2004. Ya fito babu gida, babu aiki, babu mai jiransa a ƙofa.

Wata rana a watan Agusta na 2005, ana zafin nan na kudancin Fulorida, ya je ya tsaya a bakin layin dogo yana jiran jirgin ƙasa ya taho ya faɗa gabansa. Shi da bakinsa ya sha ba da wannan labari a bainar jama'a. Ya tsaya, ya yi ta tsayuwa, jirgi bai zo ba. Da ya gaji sai ya tsallake layin, ya taka ɗan taƙi zuwa wata cibiyar masu fama da shaye-shaye, ya ce a karɓe shi. Wata huɗu ya yi a wurin. Yana ciki Rosa Parks ta rasu, a watan Oktoba, matar nan da ta ƙi tashi daga kujerar bas don wani farar fata ya zauna a 1955. Ya ga dubban mutane a talabijin suna layi suna kuka don yi mata ban kwana. Ya ce a lokacin ya tambayi kansa, in shi ne ya mutu yau, mutum nawa za su zo jana'izarsa? Ya lissafa, ya sake lissafawa, bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Wannan lissafi, in ji shi, shi ya sa ya ƙudurta sauran kwanansa zai ƙarar da su wajen amfanar mutane.

Daga cibiyar ya koma masaukin marasa matsuguni, daga can ya riƙa zuwa Kwalejin Mayami Ded. Ya gama da sakamako mafi daraja a 2010, ya wuce makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Fulorida, ya karɓi digirinsa a 2014. Sai dai digirin ya zauna a bango. Wanda ba a maido wa haƙƙinsa na ɗan ƙasa ba, ba shi da damar zama jarrabawar shiga aikin lauya a jihar, kamar yadda ba shi da damar tsayawa takara ko zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci.

Hanya ɗaya ce ta rage, kwamitin afuwa. Gwamna ne shugabansa, tare da manyan jami'an jiha uku da aka zaɓa, kuma sau huɗu kacal suke zama a shekara, a Talahasi babban birnin jihar. Mutum zai baro garinsu, wani daga nisan ɗaruruwan kilomita, da kuɗin motarsa, ya sa mafi kyawun tufafinsa, a kira sunansa ya tsaya gaban makirfo na 'yan mintuna. Ana iya tambayarsa yaushe rabonsa da giya, ko yana zuwa coci, ko me ya sa 'yan sanda suka taɓa cin tararsa don gudun wuce kima. Babu ƙa'idar da ta ɗaure kwamitin, babu dole sai an faɗa masa dalilin hana shi, kuma in gwamna ya ce a'a magana ta ƙare ko sauran ukun sun ce e. Yawan waɗanda ake yi wa afuwa ya dogara da wanda ke kan kujera. Gwamna Charlie Crist ya sassauta ƙa'idojin a 2007, cikin shekara huɗu aka maido wa fiye da mutum 150,000 haƙƙinsu. Rick Scott ya hau a 2011 ya soke sassaucin, ya ce sai mutum ya jira shekara biyar ko bakwai bayan gama hukunci kafin ma ya miƙa takardar roƙo. A shekara takwas na mulkinsa kimanin mutum 3,000 ne suka dace, fiye da 10,000 suna layi.

A watan Fabrairun 2018 wani alƙalin tarayya, Mark Walker, ya yanke hukunci cewa wannan tsari ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka. Cikin misalan da ya kawo akwai na wani farar fata da ya zo neman afuwa, aka tuna masa ya taɓa yin zaɓe ba bisa ƙa'ida ba a 2010. Mutumin ya ce wa gwamna ai shi ya zaɓa. Aka yi dariya, aka maido masa da haƙƙinsa, alhali an hana wasu masu irin wannan laifi. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da hukuncin Walker a watan Afrilu. Amma a lokacin Meade ya riga ya yi nisa a wata hanyar daban.

Tun 2009 yake shugabantar ƙungiyar neman maido da haƙƙin tsoffin fursunoni ta jihar, wadda aka fi sani da FRRC. 'Yan ƙungiyar ba sa yarda a kira su tsoffin masu laifi, 'yan ƙasa masu dawowa suke kiran kansu. Tsarin mulkin Fulorida ya ba talakawa damar su gyara shi da kansu ba tare da majalisa ba, amma sharuɗɗan masu tsauri ne. A lokacin sai an tara sa hannun masu rajistar zaɓe 766,200, hukuma ta tantance kowanne, kuma su fito daga aƙalla rabin mazaɓun tarayya 27 na jihar. In an tsallake wannan, ranar zaɓe sai gyaran ya samu kashi 60 cikin ɗari. Jagoran wannan aiki kuwa ko takardar da yake yawo da ita ba shi da ikon sa wa hannu, tunda ba shi da rajista.

Shekarun farko babu kuɗi, babu manyan ƙungiyoyi. Meade ya riƙa zaga jihar a motarsa, daga coci zuwa filin wasa, daga kasuwar ƙauye zuwa harabar jami'a, 'yan sa-kai suna bin mutane da takarda da biro. Da haka suka tara dubban sa hannun farko da ake buƙata kafin kotun ƙolin jihar ta duba lafazin gyaran, ta kuma amince da shi a Afrilun 2017. Daga nan ne masu kuɗi suka yarda abin mai yiwuwa ne, ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta zuba miliyoyin daloli. A watan Janairun 2018 aka tabbatar da sa hannu fiye da 799,000, aka sa wa batun suna Gyara na Huɗu.

Abin da ya fi burge ni a tafiyar nan shi ne yadda Meade ya ƙi yarda a mayar da ita ta jam'iyya ɗaya ko ta launi ɗaya. Kowa ya ɗauka maganar baƙaƙe ce da 'yan Dimokurat. Shi kuwa ya riƙa tuna wa mutane cewa in aka bi yawan kawuna, fararen da dokar ta hana zaɓe sun fi baƙaƙe yawa nesa ba kusa ba. Idan ya shiga garuruwan da 'yan Rifablikan suka yi kaka-gida, ba ya fara da siyasa. Tambayarsu yake ko akwai wani da suke ƙauna da ya taɓa yin kuskure. A jihar da ƙwayoyi suka shiga gidaje da yawa, wuya ne a samu wanda ba shi da ɗa ko ƙane ko maƙwabci da zai tuna. Na hannun damansa a tafiyar, Neil Volz, farar fata ne ɗan Rifablikan, tsohon shugaban ma'aikatan wani ɗan majalisar tarayya, wanda ya amsa laifi a 2006 a wata badaƙalar cin hanci da aka fi sani da ta Jack Abramoff, ya rasa aikinsa da mutuncinsa har ya koma aikin goge-goge. Su biyun suka riƙa hawa dandamali tare. Kafin zaɓe, gyaran ya samu goyon bayan ACLU, da ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin riƙau ta Christian Coalition, da wata ƙungiya mai alaƙa da attajiran nan 'yan gidan Koch, mutanen da ba kasafai ake ganinsu a inuwa ɗaya ba. Don a samu wannan haɗin kai an bar wasu a baya: gyaran bai haɗa da waɗanda aka samu da kisan kai ko laifin fyaɗe da makamantansa ba, kuma akwai masu fafutukar da suka soki hakan tun a lokacin.

Ranar 6 ga Nuwamba 2018 aka yi zaɓe. A daren nan jihar ta rabu gida biyu kusan daidai wa daida: Ron DeSantis ya ci gwamna da ratar ƙuri'a kusan 32,000, Rick Scott ya ci kujerar sanata da kimanin 10,000, duka biyun sai da aka sake ƙidaya. Gyara na Huɗu kuwa ya samu kashi 64.5 cikin ɗari, mutum fiye da miliyan biyar, wato ya fi sabon gwamnan da ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa da ya jefa ƙuri'a a ranar. Maƙwabtansu ne suka yi musu. Ranar 8 ga Janairu 2019 gyaran ya fara aiki, Meade ya tafi ofishin zaɓe na Olando da iyalinsa, ya cike takardar rajista yana hawaye.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Lafazin gyaran ya ce za a maido da ƙuri'a bayan mutum ya cika dukkan sharuɗɗan hukuncinsa, har da sakin talala. Majalisar jihar, wadda 'yan Rifablikan ke da rinjaye a cikinta, ta yi doka cewa cika sharuɗɗa ya haɗa da biyan kowace tara, da kuɗin kotu, da diyyar da alƙali ya ɗora. DeSantis ya sa mata hannu a ƙarshen Yunin 2019. Gaskiya ita ce suna da abin kafa hujja, domin lauyan masu neman gyaran da kansa ya faɗa wa kotun ƙolin jihar a 2017 cewa tara da diyya suna cikin hukunci. Amma sai an san yadda kotunan Fulorida ke samun kuɗin gudanarwa kafin a gane nauyin abin. Kaso mai yawa daga aljihun waɗanda ake tuhuma yake fitowa. Talakan da ba shi da halin ɗaukar lauya, in ya nemi na gwamnati, dala 50 ake rubuta masa kuɗin neman kawai. Tarar safarar ƙwaya tana iya kaiwa dala 500,000. In mutum ya kasa biya aka miƙa bashin ga kamfanin karɓar bashi, doka ta yarda a ƙara masa har kashi 40 cikin ɗari. Wani malamin Jami'ar Fulorida, Daniel Smith, ya binciko wa kotu cewa fiye da mutum 770,000 cikin waɗanda gyaran ya 'yanta ana bin su wani abu.

Mafi muni, jihar ba ta san nawa take bin kowa ba. Babu rumbun bayanai guda. Ƙananan hukumomi 67 ne, kowacce da nata littafin, wasu takardun na shekaru talatin ko arba'in baya sun ɓace, wasu alƙaluman suna karo da juna. Ka ce mai kanti ne ya tare ƙofa ya ce ba ka fita sai ka biya bashi, ka ce nawa ne, ya ce shi ma littafin ya ɓace masa, amma in ka fita da saura ko kwabo zai kira 'yan sanda. Haka abin yake, domin takardar rajista rantsuwa ce, wanda ya sa hannu alhali bai cancanta ba yana iya fuskantar sabon babban laifi.

A watan Mayun 2020 alƙalin tarayya Robert Hinkle ya yanke cewa hana mutum zaɓe don ba shi da halin biya ya saɓa wa tsarin mulki, ya kuma ce kuɗin kotu haraji ne a fakaice, alhali Amurka ta haramta harajin zaɓe tun 1964. A shari'ar ne aka ji cewa hukumar zaɓen jihar tana da rajista 85,000 da ke jiran tantancewa, kuma da irin saurin da take yi sai 2026 za ta gama. Ranar 11 ga Satumba 2020, saura ƙasa da wata biyu a yi zaɓen shugaban ƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Hinkle da alƙalai shida a kan huɗu. Ta ce jiha tana da ikon neman a biya, kuma ba dole ba ne ta faɗa wa kowa adadin da ake bin sa.

Meade bai tsaya jiran kotu ba. Ƙungiyarsa ta buɗe asusun biya wa mutane bashin, aka tara fiye da dala miliyan 25, daga masu ba da dala biyar har zuwa irin su LeBron James da Michael Jordan da Michael Bloomberg. Ma'aikatanta suka riƙa bin ofisoshin magatakardan kotu ɗaya bayan ɗaya suna neman alƙaluma suna biya, har aka sauke wa mutum fiye da 40,000 nauyi. Aiki ne babba, amma in aka auna da 770,000 sai a ga ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Shi kansa ya yi zaɓen shugaban ƙasa a 2020. Ya je gaban kwamitin afuwa neman cikakkiyar yafiya, DeSantis ya hana, yana kafa hujja da korar da aka yi masa daga soja shekara talatin baya, ko da yake a 2019 mujallar Time ta sa shi cikin mutum ɗari mafi tasiri a duniya. Sai a Oktoban 2021, bayan an sauya ƙa'idojin kwamitin, aka maido masa da damar takara da ta zama jarrabawar lauya, shekara bakwai bayan ya karɓi digiri.

A watan Agustan 2022 gwamna DeSantis ya kira taron manema labarai ya sanar da kama mutum 20 bisa zargin sun yi zaɓe a 2020 alhali ba su cancanta ba. Dukkansu suna da tsohon laifin kisa ko na fyaɗe, wato gyaran bai shafe su ba, wannan gaskiya ne. Sai dai sun cike takarda, hukuma ta karɓa, ta aiko musu da katin zaɓe har gida, suka ɗauka an yafe. Jaridar Tampa Bay Times ta fitar da hotunan bidiyo daga kyamarorin da 'yan sanda ke maƙalawa a ƙirji. Ana ganin wani magidanci a ƙofar gidansa, an sa masa ankwa, yana tambaya cikin ruɗewa me ya sa aka bar shi ya yi zaɓen tun farko in bai cancanta ba, ɗan sandan ma ba shi da amsar ba shi. Mafi yawan waɗanda aka kama baƙaƙe ne. Alƙalai sun kori wasu daga cikin ƙararrakin, wasu suka amsa laifi don su tsira daga kurkuku. Illar ta wuce mutum ashirin ɗin nan, domin duk wanda ke da tsohon laifi kuma yake shakkar ko akwai saura dala ɗari a wani littafi, ya ga bidiyon nan, zai gwammace ya zauna a gida.

A Mayun 2024 wata kotu a Niyok ta samu Donald Trump da manyan laifuffuka 34. Mazaunin Fulorida ne, kuma a Nuwamba ya jefa ƙuri'arsa a can ba tare da wata matsala ba, saboda Fulorida tana bin dokar jihar da aka yanke wa mutum hukunci, Niyok kuwa wanda ke tsare a kurkuku kaɗai take hanawa. Ban ga laifin barin sa ya yi zaɓe ba, haƙƙinsa ne. Abin da nake gani shi ne wanda ya saci waya a Mayami shekara ashirin da suka wuce, ya gama zamansa, shi ma ya cancanci wannan sauƙin, kuma aƙalla ya cancanci a faɗa masa matsayinsa a fili.

Wannan buƙata ta ƙarshe ita ta sake kai ƙungiyar Meade kotu a Yulin 2023, tana neman jiha ta samar da hanyar da mutum zai tambaya ko ya cancanci zaɓe a ba shi amsar da zai dogara da ita. A 2024 ta janye ƙarar bayan hukumar zaɓen jihar ta amince ta fito da tsarin ba da amsa a rubuce cikin kwana 90. A ƙiyasin Sentencing Project na 2024, Amurkawan da hukuncin kotu ya hana zaɓe sun ragu zuwa kimanin miliyan huɗu, amma fiye da 900,000 daga cikinsu a Fulorida suke, adadin da ya fi na kowace jiha, kuma mafi yawansu sun gama zaman kurkukunsu tuntuni.